Hannun da ke kan ƙwallon Yaya Sale

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a Cadawa. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, kuma ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau. Da so samu ne ma da na yi shiru har in bi shi, don na gaji, ko tashi daga tabarma sai na dafa bango. Jikansa Laminu ne ya tayar da ni. Ya zo da ƙwallon golf cikin ɗan akwatin gilashi, da sunan kakansa rubuce a jiki, wai za a kai ta Yamai a ajiye inda jama'a za su gani. Abin da yake so kawai in rubuta takardar shaida cewa sa hannun Yaya ne.

Yaran yanzu ba su san shi ba. A shekarun da aka samu 'yancin kai ya bi motar gyaɗa zuwa Kano neman na abinci, ya ƙare da ɗaukar wa Turawa jakar sanduna a filin golf, wasan nan da ake bugun 'yar farar ƙwallo har ta faɗa rami. Yana ɗauka yana kallo. Da Turawan suka fara tattara nasu ya nasu, aka buɗe wa kowa fili, sai ga ɗan Cadawa yana ka da manyan mutane masu motoci. Ya ci kofi, ya sake ci, har ya zama da wasan yake ciyar da gidansa.

A nan kuwa dariya ake yi masa. In ya zo hutu bayan an cire gyaɗa, yakan fita gonar babanmu da sandarsa yana bugun ƙwallon goruba. Inna ta ce, "Sale, ƙato da kai, a ce sana'arka korar ƙwai da sanda? Allah shi shirye ka." Shi dai sai murmushi. Gonar yanzu duk gidaje ne, ban san ta inda zai buga ba da yana nan.

Abu ɗaya ne ya dame shi. Waɗanda ya kayar sukan roƙe shi ƙwallo da sa hannunsa, su tafi da ita ƙasarsu, shi kuma bai taɓa shiga lakol ba. A takardar wasa ɗan layi yake ja, an saba masa da haka. Amma ya ja layi a kan kyauta, gaban mutanen da suka tafa masa? Kunya ta hana shi. Sai ya riƙa zuwa gida da jaka cike da ƙwallaye da hotuna, in zauna in rubuta sunansa a kan kowanne, da irin rubutun nan mai lanƙwasa da mushe, malaminmu na lakol, ya koya mana da bulala. Ya koma da su cikin aljihu, wanda ya roƙa ya miƙa masa.

Ya ce in koya masa. Wallahi ya ce, ba sau ɗaya ba. "Ƙane, haruffa nawa ne duka? Nuna mini ko a ƙasa ne." Ni kuma in ce sai gobe, yau ina da aiki. Wane aiki? Daɗi nake ji. Duk garin shi ake nunawa, shi ke da hoto a jarida, amma ga wuri guda da zakaran nan sai ya durƙusa gabana. Ina ɗan shekara goma sha biyar na fara, na yi gemu ban daina ba. Daga baya ya bar tambaya. Ya mutu bai san yadda sunansa yake a takarda ba, alhali ɗaruruwan 'ya'yan wasu sun koyi nasu a hannuna.

Laminu ya nuna mini a waya yadda ake rububin irin waɗannan kaya a ƙasashen waje, hula ko ƙwallo in dai gwani ya sa hannu. Na san abin da Yaya zai ce: "Kai, ashe alƙalamin bik ya fi sanda daraja!" Zai yi dariya har ya riƙe ciki. Ni ban iya dariyar ba. A wasu gidaje can nesa, akwai jikokin Turawa da ke goge ƙurar ƙwallo suna cewa hannun Sale ne.

Na karɓi ƙwallon na juya ta. Ƙasa da rubutun akwai wata tsaga kamar an sa wuƙa, inda bakin sanda ya sare ta. Na ce, "Laminu, takardar nan ba zan rubuta ba. Sunan ni na rubuta shi, duk ni na rubuta su." Sai ya ce, "To Kaka, me ya rage nasa?"

Na ɗora yatsansa a kan tsagar. Na ce wannan tasa ce, ba wanda ya yi masa. In za a kai ta Yamai, a juya rubutuna ya kalli bango.

Allah ya jiƙan Yaya Sale. Ni kuma ban san da wane ido zan dube shi ba.