Wayar Kawu Sale Ba Ta Ƙoshi

Duk wanda ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya san shi a kan bencin Isiya mai caji a kasuwar Runka, ya tasa 'yar wayarsa gaba kamar mai jinya. Mutane su bar tasu su tafi cefane, shi ko yana nan. Cajin na dosar cika zai yi wuf ya zare.

"Haba Kawu, bar ta ta cika mana!"

"Kai in ka ci tuwo har wuya kana iya noma? Batir ba a ƙoshar da shi, ba a barinsa da yunwa."

Dariya muke masa, amma mun san dalili. 'Yarsa tilo, Hassana, tana aure a Ruma, bakin daji. Kullum 'yan bindiga suka shiga yankin, wayar nan ce ke gaya masa tana raye.

Ran nan Liman da kansa ya zo aron kira, ya tarar tana jone.

"Allah gafarta Malam, cin abinci take. In aka sa ta magana zafi za ta yi."

"Gaisuwar mutuwa ce fa, Sale!"

"Ai mamacin ba sauri yake ba."

A gida kuwa, gindin randa yake ajiye ta, wai rana na kumbura batir. Matarsa Inna Rabi ta gaji ta ce, "Ni da nake wuni a bakin murhu, ban taɓa samun gatan wayar nan ba."

"Ke kina kumbura ne?"

"Yanzu ma kumburar nake!"

Mu dai mun yi ta canza batir, namu na tashi kamar fanke. Nasa ko gezau.

Sai gwamnati ta rufe layin waya a yankinmu gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Kowa ya jefa tasa cikin akwati, amma ban da Kawu. Janareton Isiya ya daina tashi don ba ciniki, sai ya koma bin masu babur suna jona masa.

"Kawu, ba sabis fa. Wa zai kira ka?"

"Ranar da za su buɗe, shawara za su yi da kai? Hassana ba za ta kira ta ji ni a kashe ba."

Bai kai ranar ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi ana tsakiyar girbi, kuma a babur aka kai wa Hassana labari, ta zo aka yi zaman makoki ta koma. Ni aka bar wa wayar. Wallahi na kasa barinta ta mutu, haka na ci gaba da yi mata irin cajinsa.

Da layi ya dawo, tana aljihuna ta yi ƙara. Hassana ce.

"Yaya, na san ba ya nan," in ji ta. "So nake kawai in ji ta shiga."

Kuka ya ci ƙarfina.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya sanyaya makwancinsa. Hassana da mutanen Ruma kuma, Allah Ya tsare mana su.