Ranar da Baba Ya Yaba Aikina

Mahaifina mai rubuta allunan shaguna ne. Duk layinmu Baba Fenti ake ce masa, har mahaifiyarmu in ya ɓata mata rai. Mutum ne da yabo ke yi wa nauyi a baki. In ya gama allo sai ya tsallaka titi, ya kanne ido ɗaya, ya dawo yana tsaki, ya goge harafin da babu wanda ya ga laifinsa sai shi.

Da na samu aikin tsara shafukan intanet a wani ƙaramin kamfanin manhaja, shi na mayar mai duba min aiki. A ofis kowa "ya yi, ya yi" yake cewa don a tashi daga taro. Baba kuwa sai ya sa in ɗora kwamfuta a kan bencinsa, tsakanin gwangwanayen fenti, ya ja da baya har bakin ƙofa.

"Uwata, shuɗin nan da koren nan faɗa suke yi. Raba su."

Ko ya ce, "Shi wannan maɓallin me ya sata da yake ɓuya a lungu?"

In koma ina huci in gyara. Abin haushin, da wuya ya yi kuskure.

A kan shafin sabuwar manhajarmu ne gyaransa ya sauya. "Rubutun ya yi ƙanana." Na ƙara girma. "Ya yi duhu." Na haska. Har shugabana ya tambaye ni ko allon bakin titi nake tsarawa. Sannan na lura Baba ya daina ja da baya, kullum ƙara matsowa yake, har hancinsa na neman taɓa gilashin.

Da ƙyar yayana ya ja shi asibitin ido. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma tafiya yake. Baba ya dawo ya ce mana gajiya ce kawai, kuma kada wanda ya sake tayar masa da zancen. Na nemi magani, na tambayi masana, na yi kuka a banɗakin ofis. Babu abin da na iya.

Ranar da na kammala shafin na kai masa kamar kullum. Muna cikin gaisawa kwamfutar ta ɗauke haske, ban lura ba. Ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Kai, uwata! Wannan ya yi kyau. Kada ki taɓa komai."

Tun ina yarinya nake jiran wannan kalma. Na leƙa. Gilashin baƙi ƙirin, babu komai a ciki sai fuskarsa da tawa.

"Na gode, Baba," na ce.

Na taɓa maɓalli a hankali, shafin ya dawo da haskensa duka. Ko ƙiftawa bai yi ba.