Dalar Azurfar Alhaji Nomau

Cikin duk shekarun da na yi ina yankan tikiti a kasuwar Matameye, akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba, ranar da sayen tsohon kuɗi ya kusa raba ni da aikina. Ku da kuka fara aikin nan bana ku saurara, don abin da ya same ni yana iya samun kowa.

Lokacin ina shekarata ta biyu a aiki, ko aure ban yi ba. Ga wanda bai san aikin ba, ranar kasuwa da safe kowane ma'aikaci zai je biro, wato ofis, shugabanmu da muke kira shef ya ba shi littafin tikiti ya gaya masa layinsa. Duk wanda ya shimfiɗa kaya sai ya biya kuɗin wuri, ka yaga masa tikiti, da la'asar ka mai da littafin. Shef ɗinmu, Malam Habu, doka ɗaya yake maimaitawa kullum: ba a tsallake kowa, ko da mahaifinka ne. Ni layin 'yan koli aka ba ni, tun daga masu madubi da kwalli har zuwa mata masu daddawa a can ƙarshe.

A lokacin ina da wata jaraba, tara tsofaffin kuɗi. Kakata ce ta fara ba ni anini biyu masu huji da ta tsinta a ƙasan adakarta, daga nan na kamu. Duk ƙauyen da na shiga, Tsauni ko Ɗan Barto, sai na bi tsofaffi ina tambaya. Na cika gwangwanin madara da ahu da kwabo da sisi da tamma ta zamanin Faransa.

A tsakiyar layina akwai wani dattijo, Alhaji Nomau, da yake zuwa daga Damagaram kowace kasuwa. Carbi da zobba yake sayarwa, sai wani faranti na tsofaffin kuɗi da maƙeran farfaru suke saye su narka. Wata rana ya ga ina leƙen farantin, sai ya kwance wani ƙyalle ya nuna mini dalar azurfa. Ba dalar sefa da muka sani ba, irin ta fataken da ce, ta cika tafin hannu, gefe ɗaya kan mace, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu. Kuskurena na farko shi ne na bari ya ga fuskata.

Ya ce jikka ashirin, wato sefa dubu ashirin. Na taya goma, ya ce albarka, ya naɗe ƙyallensa. Kasuwa ta zagayo na zo da sha biyu, sai ya ce ashirin da biyar.

Na ce, "Haba Alhaji, ai makon jiya ashirin ka ce."

Ya ce, "Makon jiya ba ka son ta kamar yau, ɗana."

A kasuwa ta uku ina tsaye a gabansa ya ɗauko waya ya kara a kunne, yana ta ba wani mai saye na Kano haƙuri, wai ya riga ya yi wa wani yaro alkawari. Da idona na ga wayar a kashe take. Duk da haka hankalina ya tashi, na ce to mu yi musaya. Na je na ɗauko gwangwanina, ya zazzage shi a tabarma yana tsintar su ɗai-ɗai yana taɓe baki. Wannan ya side, wannan ya yi tsatsa, wannan ko a wuyan akuya ba za a rataya shi ba. Da ya gama kushewa, sai ya ware guda ashirin mafiya kyau, har da aninan kakata, ya ce in cika da jikka sha biyar. Raina ya ɓaci na fara kwashe kayana. Sai ya riƙe hannuna, ya ɗaga murya yadda maƙwabtansa za su ji.

"Kawo goma da waɗannan ka ɗauka. Kai namu ne, ba a dogon ciniki da na gida."

Na tafi gida ina murna, ina ganin na ci dattijo da wayo.

Kasuwa ta gaba na iso wurinsa da hantsi, na gaishe shi, na yaga tikiti na miƙa masa. Ya dube ni kamar na zo da wani baƙon abu.

"Wane tikiti kuma? Ba mun gama magana ba?"

"Wace magana, Alhaji?"

"Dalar jikka talatin na ba ka a goma. Kana tsammanin don kyan fuskarka ne?"

Kafin in buɗe baki, Inna Mariya mai daddawa, wadda ta riga ta kwance bakin zanenta za ta biya, ta mai da kuɗinta ta ƙulle. Ta ce, "In mai babbar riga ba ya biya, ni mai daddawa ba zan biya ba. Ko in kawo maka ƙulli biyu ka tsallake ni nima?" Aka kwashe da dariya. Cikin ɗan lokaci layin gaba ɗaya ya ƙi biya, ana ta nuna ni da baki. Na rantse, na sake rantsewa, ba mai saurarona. Wani ya je ya kira shef.

Malam Habu ba mai faɗa ba ne. Ya tsaya ya ce, "Isuhu, ka sayi abu a wurinsa?" Na ce na saya. "Ka yi masa alkawarin tikiti?" Na ce wallahi ban yi ba. Ya juya ya ce, "Alhaji, ya ce zai tsallake ka?"

Alhaji Nomau ya gyara zama. "Da baki dai bai faɗa ba. Amma ai na ɗauka yaro ne mai hankali."

Shef ya sa Alhaji ya biya nan take. Sannan ya ja ni gefe ya ce kafin la'asar ko in mai da dalar, ko in mai da littafin tikiti in nemi wani aikin. Na ce ranka ya daɗe, da kuɗina na saya. Ya ce ya yarda, amma mutanen layin nan ba su yarda ba, kuma su ne za su ci gaba da ganina.

Na ruga gida na ɗauko ta, a zatona in miƙa in karɓi kayana. Alhaji ya karɓa, ya juya ta, ya buga ta a dutse yana sauraren ƙararta, sannan ya ce, "Nawa za ka sayar?"

Na ce, "Sayarwa kuma? Mayarwa na zo yi."

Ya ce abin da ya kwana bakwai a gidan wani ai ya zama kwance. Ya nuna mini wani ɗan ƙarzani a gefenta, wai ya rage mata daraja. Wannan ƙarzanin shi ne wanda ya nuna mini tun farko ya ce shaidar tsufanta ce. Ya taya jikka shida. Na tambayi kuɗaɗena ashirin, ya ce maƙera sun kwashe. Sai na hango uku a farantinsa, har da anini ɗaya na kakata. Ya ce waɗannan jikka ɗai-ɗai ne, don irinsu ba sa samuwa yanzu. Na ce, "Alhaji, ba shi ne na wuyan akuya ba?" Ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba.

Sama da awa ɗaya muka yi a rana tsaka, gumi yana zuba mini, rabin layi ban yanka ba. Daga ƙarshe na tashi da jikka takwas da aninin nan ɗaya. Ɗayan an riga an narka shi. Inna Mariya ba ta biya ba sai da ta taso ta leƙa ta ga dalar ta koma cikin ƙyalle. Shef kuma ya cire ni daga layin, ya kai ni wurin masu hatsi har wata shida. Mako na zagayowa, ina wucewa da littafina, na ji Alhaji yana kirana daga nesa da fara'arsa, wai ya samo mini wani sisi mai kyau.

Ban daina tara tsofaffin kuɗi ba, yanzu gwangwani huɗu gare ni. Sai dai ban ƙara saye a kasuwar da nake riƙe da littafi ba, ranar hutuna nake zuwa inda ba a san ni ba, in yi cinikina in ɓata rai yadda nake so. Mai sayar da tsohon kuɗi fuskarka yake yi wa farashi, wannan sana'arsa ce. Amma mu ma'aikata, duk rangwamen da mai kaya a layinmu ya yi mana, akwai abin da yake jira a bayansa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Shef sau ɗaya yake zagayowa a wuni. Masu shimfiɗa kuwa tun safe har la'asar hannunka suke kallo, kuma ran da suka daina yarda da hannun nan, ko littafi goma ka riƙe ba wanda zai biya ka.