Eriyata da Dish ɗin Ƙanena

Ranar da na daina biyan kuɗin kallon ƙwallo ban yi shawara da kowa ba. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa a hanyar Ribah, babur ya gama jijjiga ni, na tsaya shagon mai saka wa mutane kuɗin dikoda, sai ya ce min an sake ƙarawa. Ga shi watan da ya wuce kusan kullum babu wuta, su kuwa ba ruwansu, wata zai ƙare ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Raina ya ɓaci. A gaban mutanen da ke zaune a bencin shagon na ce wallahi na bar biya ke nan har abada. Suka kwashe da dariya, wani ya ce a ƙyale Malam, Asabar za ta dawo da shi da ƙafarsa. Dariyar nan ita ta ƙara ɗaure maganar. Ina da taurin kai, na sani, kuma a gida na gaje shi.

Abin da ban tuna ba a lokacin shi ne Baba.

Baba tsohon soja ne, kamar dattawa da yawa a Zuru. Mun tashi yana bariki, mu muna Rikoto wurin Inna. In ya zo hutu sai ya jera mu ya duba farce da haƙora, ya tambayi sakamakon jarrabawa, ya koma. Da ya yi ritaya ya dawo gida mun riga mun zama magidanta, kuma babu wata hira da ta taɓa shiga tsakanina da shi. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, shi ke nan. Sai da na sa dish a gidana na gano Baba yana da baki. Duk Asabar da yamma zai tako da sandarsa daga Rikoto, ya zauna a kujerar da ke jikin taga, daga nan har a tashi wasa ni da shi abokai ne. Ya zagi alƙalin wasa da Dakarci, ya ba 'yan wasa oda da Turancin bariki, ya daki gwiwata ya ce in duba in ga sakarci. Wani lokaci daga maganar mai tsaron gida sai ya zarce labarin wani abokinsa da suka yi aiki tare, labarin da ko Inna ba ta taɓa ji ba. Iyakar abin da na samu na uba ke nan, kuma ina son abina ƙwarai.

Asabar ta farko bayan rantsuwata ya zo kamar kullum. Ya zauna, ya dubi talabijin, babu komai sai rubutun a biya kuɗi. Na yi masa bayani tun daga farko, har da rantsuwar. Bai ce na kyauta ba, bai ce na yi wauta ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya shiga gidan ƙanena.

Katanga ɗaya ce tsakanina da ƙanena, don fili ɗaya Baba ya raba mana. Shi hatsi yake saye a Bena yana kaiwa kudu, Allah ya buɗa masa, yana da ƙaton dish da sola, wutarsa ba ta ɗaukewa. Ina zaune a falona na ji muryar Baba ta tsallako katanga yana zagin alƙalin wasa. Wallahi abin ya yi min ciwo, har na kasa cin tuwo a ranar.

Washegari ƙanena ya shigo yana sosa ƙeya, wai in bari ya riƙa saka min duk wata, ai ba wani abu ba ne. Da kyakkyawar niyya ya zo, amma ni a kunnena zagi ne. Na ce masa ban kai ga haka ba tukuna, ya je ya ji da buhunansa. Matata ita ma ta sa baki, ta ce in yi azumin kaffara in warware rantsuwar kowa ya huta. Na ce ko kusa. Ai ba yunwar azumin nake tsoro ba, komawa shagon nan ne ba zan iya ba.

Sai na shiga kasuwa na sayo eriya, irin mai kama da ƙashin kifi da muka bari tun muna samari. Na ɗaure ta a kan doguwar gora, na kafa a kusurwar gida. Duwatsun garin nan ba sa barin hoto ya iso da sauƙi, don haka na wuni ina juya gora, matata tana ciki tana cewa ya zo, ya tafi, koma baya kaɗan. Da ƙyar muka kama tashar gwamnati, hoton yana yayyafi kamar ana watsa gero. Amma kyauta ne, kuma babu mai aiko min da saƙon cewa wata ya ƙare.

Ƙwallon kyauta ba ya tambayar ka abin da kake so. Wasan da suka ga dama shi za su sa, yawanci na ƙungiyoyin gida, na Turai kuwa sai dai guntaye bayan kwanaki, lokacin da kowa ya gama musu a kai. Da farko ina kallo ina tsaki. Fili duk faci, mai sharhi yana rikita sunaye, wani lokaci a katse wasa a sa sanarwar gwamnati. Amma a hankali na fara gane yaran, na san mai gudu, na san mai raki, na san wanda in ya samu ƙwallo sai ya yi abin kunya. Kamar ɗalibaina suke, na tsinci kaina ina yi musu faɗa da addu'a. A majalisa aka mai da ni abin tsokana, kullum sai an tambaye ni yau manoman wane gari ke bugawa a tashata. Ina ba su amsa daidai da su. Matata da ta fara zama kusa da ni don tausayi, kafin damina ta yi nisa ta fi ni zafi. Kujerar jikin taga dai babu kowa a kai, kuma ban taɓa iya buɗe baki na ce Baba ya zo ba. In kira shi ya kalli me, yayyafi?

Ana haka aka zo wasan ƙungiyar ƙasarmu, irin wanda in an ci za a wuce, in an faɗi a dawo gida. Da yamma ne bayan la'asar, kuma tashar gwamnati za ta nuna, dish ma zai nuna. Ƙanena ya fito da talabijin ɗinsa tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, aka shimfiɗa tabarmi, rabin unguwa ta taru, Baba a kujerar gaba. A gidana daga ni sai matata. Allah ya taimake ni an kawo wuta.

Ba a daɗe da farawa ba yaranmu suka zura ƙwallo. Na daka tsalle na ƙwalla ihu, matata ta rangaɗa guɗa. Sai na ji bayan katanga tsit. Na ce ko idona ne, ko an ɗaga tuta ban gani ba. Na juya ga talabijin, ga yara can suna rungume juna. Sai da aka yi kamar mutum ya kurɓi ruwa ya ajiye kofi, sannan gidan ƙanena ya ɓarke da ihu. Muka dubi juna ni da matata.

Ƙanena ya shigo da sauri, yana zaton rediyo na kunna. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yayyafina. A gabansa ɗan wasan abokan hamayya ya buga wata ƙwallo ta bi ta saman raga, har mai tsaron gidanmu ya tafi ɗauko ta, sannan muka ji mutanen gidansa sun yi salati a kan bugun da mu mun riga mun manta. Yadda fuskarsa ta koma ba zan taɓa mantawa ba. Ashe eriyar gora tana riga dish ɗinsa ganin komai. Daga baya wani ya ce min wai hotonsu sai ya je sama ya dawo kafin ya iso, ni dai ban damu da dalili ba. Na yi dariya har da hawaye, na ce masa ya koma ya gaya wa masu biyan kuɗi, in suna son labari da zafinsa su turo a tambaye ni.

Daga nan kuwa na samu abin yi. Na matsa jikin taga. In yaranmu suka ɓarar da dama sai in yi salati da ƙarfi, in aka yi mana keta in yi tsaki mai tsawo, duk don a ji a ƙetare. Ana zuwa hutun rabin lokaci ƙanena ya dawo, wannan karon babu dariya. Ya ce Baba ya ce in rufe masa baki.

Maganar Baba oda ce. Aka dawo wasa muka yi gum. Abokan hamayya suka rama, na cije hannuna ban ce uffan ba, matata ta toshe baki da gefen zani. Abin da ke faruwa a can sai daga baya ƙanena ya ba ni labari. Wai Baba ya bar kallon talabijin, ya karkata kunne wajen katanga. Da an doshi raga sai ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. In bai ji komai ba ya ce ba ta shiga ba, da mun ji. Aka tuna masa ai shi ya ce in yi shiru, ya ce ya san ɗansa, ba zai iya riƙewa ba. Cokali ya faɗi a gidana, wai har Baba ya miƙe tsaye. Shi da ya saba a ba shi rahoto kafin kowa, ya kasa jure zama a inda labari ke zuwa a makare, alhali ga shi can bayan katanga an riga an sani.

Ana dab da tashi aka kayar da ɗan wasanmu a gaban raga, alƙali ya ba da fenariti. Abokan hamayya suka yi masa caa, aka daɗe ana jayayya. A cikin wannan jayayyar na ji ƙarar sanda a bakin ƙofata. Baba ne, ko hula babu, yana haki.

"Matsa," ya ce.

Na matsa. Ya zauna a kujerarsa, ya ƙura wa talabijin ido, ya yamutsa fuska.

"Wanne ne ƙwallon a cikin wanga hazo?"

Na nuna masa da yatsa. Ya ɗora hannu a gwiwata ya damƙe, ƙarfin soja har yanzu yana nan, sai da na ji a ƙashi. Yaron ya ja da baya, ya taho, ya buga. Mai tsaron gida ya faɗi dama, ƙwallo ta shige hagu.

Ni ban yi ihu ba, don ba a janye odar ba. Baba ne ya miƙe, ya manta da sanda, ya leƙa ta taga, ya saki muryar da yake ba da umarni da ita a filin fareti.

"Ta shiga! Ku zauna nan kuna jira!"

Muka ji bayan katanga an yi wani irin gunaguni haɗe da dariya, sai can kuma nasu ihun ya biyo baya, duk ya huce. Baba ya koma ya zauna yana dariya har kafaɗunsa na rawa, ya daki gwiwata ya ce ashe taurin kan nan nawa yana da rana. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan yammacin ba.

Aka tashi wasa mun ci. Ƙanena ya kawo masa hularsa, ya karɓa ya sa, bai tashi ba. Matata ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka ci tare a kwano ɗaya. Sai da ya wanke hannu ya ɗauki sandarsa ya tambaye ni ko Asabar akwai wasa. Na fara kame-kame, na ce akwai, amma na gida ne, wasu ƙungiyoyi da bai ma san su ba, kuma hoton wani lokaci ya fi na yau muni, manyan wasannin da yake so suna can gidan ƙanena.

"Na tambaye ka wa ke bugawa? Cewa na yi akwai?"

Na ce akwai.

Ranar Asabar tun kafin la'asar na ji sandarsa a ƙofa. A gidan ƙanena ana ta ihun manyan ƙungiyoyin Turai, shi kuwa ya zauna jikin taga ya ce in gaya masa sunan yaron nan mai lamba tara, da garinsu, da dalilin da ya sa yake gudu kamar an biyo shi. Na gyara zama na fara yi masa bayani.