Juzu'i na Huɗu

Mahaifina ya zo wurina a Greensboro ta Amurka neman maganin ido. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, daga Agadas. A lokacin ina aiki a wani sito a Wendover Avenue, mijina kuma yana tuƙin tasi, don haka kullum sai mu fita mu bar shi shi kaɗai a gida.

Wata Asabar muna shan shayi ya ce, "Uwata, an ce ƙasar nan babu littafin da ba su ajiye ba." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ya ba ni labarin wani matafiyi daga ƙasar Magrib wanda ya ratsa Sahara fiye da shekara ɗari shida da suka wuce, har ya sauka a wani garin ma'adinin tagulla kusa da namu, garin da yanzu ya zama kufai. Baba ya taɓa ganin littafin sau ɗaya a wani laburare a Yamai yana ɗalibi, tsohon bugu mai juzu'i huɗu, Larabci a sama, Faransanci a ƙasa. Bai kai shafin garin ba aka tashi, bai kuma sake komawa ba.

"Shi nake so in karanta kafin idon nan ya tafi," in ji shi.

Na fara da laburaren unguwarmu. Suka ba ni fassarar Turanci 'yar siririya. Na kawo masa, ya shafa ta, ya ce ba ita ba ce. A wata jami'a a cikin gari na sami juzu'i uku, na huɗun kuwa, wanda labarin ƙasarmu yake ciki, ba a san inda ya shiga ba. Wata ma'aikaciya mai furfura ta tausaya mini, ta yi ta bincike a kwamfuta tana aika wasiƙu. Wata biyar muka yi a haka. Duk ranar da na dawo, kafin in cire takalmi sai in ji, "An dace?" Ni kuma in ce, "Tukuna, Baba."

Daga baya ma'aikaciyar ta kira ni. An samu a wata jami'a mai tafiyar awa guda, amma ba a fita da shi, sai dai mu je.

Baba ya sa farar babbar rigarsa, ya naɗa rawani. A ɗakin tsofaffin littattafai aka sa muka wanke hannu, aka ɗora littafin kan matashi. Na buɗe masa shafin. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar, ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu, ya juya ta wajen taga. Ya daɗe a haka.

"Baƙi-baƙi kawai nake gani," ya ce a hankali. "Karanta mini."

Larabcina bai wuce na salla ba, sai na karanta Faransancin, yana gyara mini lafazi kamar ina ajinsa. Shafi ne kaɗan. Da na kai ƙarshe ya ce in maimaita. Sau uku na karanta, tafin hannunsa yana kan gefen takardar.

A hanyar dawowa, da muka wuce garin McLeansville, sai ya juyo wajena.

"Da na koma washegari a Yamai, da na gani da idona," ya ce. Na ci gaba da tuƙi ina share hawaye da gefen mayafi.

Aikin idon da aka yi masa bai yi ba. Da sanyi ya shigo ya ce a mai da shi gida, ba ya so ya mutu inda bai san hanya ba. Mijina ya raka shi har Agadas. Bayan wata bakwai ƙanena ya bugo waya da rana, ina tsakiyar aiki, ya ce Baba ya rasu, an riga an kai shi.