Fatar Cikin Ƙwai

Shekara goma sha tara Mai Ƙwai ta yi tana kiwon kaji a bayan gidanta. Bayan rasuwar mijinta ta fara, da 'yan kaji shida, har ta cika akurki uku. Karatunta bai yi nisa ba, amma ƙwai kam ta san shi. Girgiza shi kawai take yi a kunne ta gane ɓatacce.

Wata safiya masu shaguna suka ƙi zuwa ɗaukar kaya. Maƙwabciyarta ce ta nuna mata dalili a waya: wani mutum cikin farar rigar likita ya fasa ƙwai, ya zaro siririyar fatar nan da ke manne da ɓawo, ya ce roba ce, a masana'anta ake ƙera ƙwan, mai ci hanjinsa zai toshe. Wanda ya watsa bidiyon a unguwa kuwa ƙanin mijinta ne, mai digiri biyu.

Kwana goma sha biyu ƙwai yana jibge a ɗaki cikin zafi. Na ƙasa suka fara fashewa, wari ya cika gida, ƙudaje suka samu wurin zama. Ta toshe hanci da gyale tana kwasa da shebur.

Sai ta aika a kira ƙanin mijin. Ta tsayar da shi bakin akurki, yana ta ɗage ƙafar wando, har wata kaza ta yi ƙwai a gabansa. Ta ɗauka da ɗuminsa, ta fasa, ta zaro fatar ta ɗora masa a tafin hannu.

"To, malam mai ilimi, wace masana'anta ce a cikin kazar nan?"

Ya juya fatar, ya gyara tabarau, ya ce ai ba mamaki robar a cikin abincinsu ake zubawa, kuma shi tura bidiyon kawai ya yi don mutane su kiyaye.

Ta dube shi tun daga takalmi har hula.

Da wani bidiyon ya fito a kan man goge baki, hankalin mutane ya koma can, masu shaguna suka dawo ana gaisawa kamar ba a yi komai ba. Ta sayar musu. Shi ma ƙanin mijin ya aiko matarsa da kwano a zubo masa ƙwan kyauta, kamar yadda aka saba duk mako. Mai Ƙwai ta ce ta gaida shi, ta mayar mata da kwanon yadda ya zo.