Ramin Tankin Malam Jabiru

Shekara goma sha ɗaya Malam Jabiru ya yi yana kula da ƙaramin gidan man da ke kan hanyar tashar kwalekwale a Wara. Aikinsa bai wuce shara da korar awaki da jera jarkokin masunta ba. Gidansa na manne da katangar wurin. Rijiyarsa kuwa, wadda ya haƙa shekarar da ya auri Jummai, taku ashirin ne tsakaninta da tankin man da aka binne a ƙasa.

Da aka yanki jihar Kebbi, mai gidan man ya ga kasuwa ta koma babban birni, ya turo mota ta tone tankin ta tafi da shi. Ashe gindinsa duk tsatsa ta huda. Ƙasar ramin ta yi baƙi ƙirin, tana maiƙo. A ranar Jabiru ya gane abin da ya sa kunun gidansa ya shekara biyu yana warin inji.

"Sau nawa na hwaɗa maka?" in ji Jummai. "Kai ka ce hancina ne."

"To, na yarda hancinki ya yi makaranta."

Daga nan suka daina shan rijiyar. Jummai ta koma ɗebo ruwa a tabki, sawu huɗu a yini, ga gwiwa mai ciwo. Jabiru ya sa wani malamin firamare ya rubuta masa takardar koke. Bayan wata bakwai amsa ta zo: ranar Alhamis ma'aikata za su zo daga Birnin Kebbi su ɗebi ƙasa da ruwa. In an sami mai a ciki, za a haƙa masa sabuwar rijiya nesa da wurin.

Jabiru mutum ne mai kunya, kuma bai taɓa yin baƙin gwamnati ba. Ya tsaya bakin ramin, warin ya doki hancinsa, sai ya ji nauyi ya kama shi. Mutane su taso tun daga Birnin Kebbi, ya tarbe su da wannan ƙazanta? Ya je ya sami mai unguwa, mai unguwa ya ce ai wannan mutuncin gari ne gaba ɗaya. Aka kira gayya kamar ta noma. Kwana uku maza suna kwashe baƙar ƙasa da baro, suna zubarwa a kwarin bayan gari, jakuna suna kawo farin yashi daga bakin tabki.

Jummai ta tsaya da tulu a ka tana kallo.

"Malam, mai zuwa gun likita ba ya ɓoye ƙurjinsa."

"Ba ya ɓoyewa, amma yakan sa riga wankakka."

Ranar Alhamis baƙi biyu suka iso. An share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Babban ya zauna gindin darbejiya, ya fuskanci gasasshen kifin giwan ruwa, bai sake ɗaga kai ba. Ƙaramin ya ɗauki wani ƙarfe mai murɗawa, ya huda yashin kamu biyu, ya shinshina.

"Baba, nan ne ramin?"

"Nan ne, ranka ya daɗe. Mun ɗan gyara."

"Kun kyauta. Wasu wuraren ko tsayawa ba ka iya yi."

Ya cika kwalabe uku da yashi, ya miƙa wa Jabiru ta huɗu ya ce a kawo ruwan rijiya. Jabiru ya jefa guga, ya jawo, ya ga bakan gizo na yawo a kan ruwan. Ya dubi farar rigar baƙon. Wa ya taɓa miƙa wa baƙo ruwa mai wari? Ya zagaya ɗaki, ya cika kwalbar daga randar ruwan tabki.

Sakamako bai ɗauki wata bakwai ba, mako uku ya yi. Malamin firamare ya karanta a gaban jama'a: ƙasa lafiyayya, ruwa garau, ana yaba wa mutanen unguwar saboda tsabta. Mai unguwa ya ji daɗi har ya karɓi takardar ya ajiye.

Jabiru ya ɗauki baro ya nufi kwari don ya mayar da baƙar ƙasarsa cikin ramin, ya sake koke. Ya tarar ko cikin cokali babu. Wai labari ya bazu cewa gara ba ta son warinta, kowa ya kwasa ya zuba gindin rumbunsa. Ya bi gida gida yana roƙo.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji Hawwa maƙwabciyarsa. "Tun da na zuba, gara ba ta sake leƙo dawata ba. In gwamnati na so, ta zo ta tona da kanta."

Ya koma gida, ya ɗora wa rijiyar tsohon ƙyaure, ya danne da dutse. Washegari ya ɗaura jarkoki biyu a baron, ya ce wa Jummai ta zauna ta huta. Har yau, duk wanda ya bi hanyar tabki da hantsi zai gamu da shi yana turawa, yana gai da mutane ɗaya bayan ɗaya.